Madrid a Ƙafa, Kafin Mu Shiga Motar Andalus

Kamfanin da ya shirya zagayen Andalus, yankin kudancin Sifaniya da Musulmi suka taɓa mulka, ya aiko mana da takarda cewa babbar motar 'yan yawon buɗe ido za ta tashi daga Madrid ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, ta bi da mu Ƙurɗuba da Ishbiliya da Garnaɗa, sannan ta dawo ta Toledo. Da na zo yankar tikitin jirgi sai na zaɓi mu sauka tun ranar Alhamis, domin tafiyar da ake canjin jirgi a hanya ba a yi mata lissafin ƙurarren lokaci: jirgi kan yi jinkiri, akwati kan maƙale a wani filin, ita kuwa motar zagaye ba ta jiran kowa. Kawuna, wanda dominsa ma aka shirya tafiyar, bai ji daɗin wannan tsari ba. Tsohon malamin Larabci ne da ya yi ritaya bayan ya kwashe shekaru yana karantar da littattafan malaman Andalus, kuma burinsa ɗaya shi ne ya taka ƙasar Ƙurɗuba da ƙafarsa. A ganinsa Madrid garin 'yan ƙwallo ne kawai, kuɗin masaukin da za a kashe a cikinsa kuwa asara ce. Na ce masa, "Kawu, ka yi haƙuri ka ba garin dama. In bai yi maka ba, sai ka zauna a ɗaki ka huta, ni in fita." Ya ce to, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Mun sauka a filin jirgin saman Barajas da la'asar, muka ɗauki tasi zuwa tsakiyar gari, kuma a nan babu ciniki da direba, domin hukumar birnin ta yanka kuɗi tsayayye ga duk wanda zai shiga cikin gari daga filin. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fi araha, sai dai ban ga dacewar jan dattijo da akwatuna a kan matakala ba. Kafin harshe ko abinci, agogo ne ya fara ba mu wahala. Tun 1940, a zamanin Janar Franco, aka tura agogon Sifaniya gaba da awa ɗaya domin ya daidaita da na tsakiyar Turai, ba a kuma mayar da shi ba har yau, sannan a watannin zafi a sake ƙara wata awar. Saboda haka, ko da yake Madrid tana yamma da Kano, tana ma yamma da Akara, agogonta yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa guda a watan Yuni. Azahar ba ta shiga sai biyu ta gota, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata, Isha'i kuwa sai an kusa tsakar dare, ga Asuba tana jira kafin biyar. Kawu ya ce shi dai bai taɓa ganin garin da ake sallar Magariba da barci a ido ba. Mutanen garin sun daidaita rayuwarsu da wannan agogo: abincin rana daga ƙarfe biyu, na dare daga tara zuwa sama, wanda kuma ya ji yunwa a tsakani zai tarar da yawancin gidajen abinci sun kashe wuta.

Da safiyar Juma'a muka fara da dandalin Puerta del Sol, wanda tafiyar 'yan mintoci ce daga masaukinmu. A gaban tsohon gidan waya, wanda yanzu ya zama ofishin gwamnatin yankin Madrid, akwai wani ɗan faranti na dutse a dandamali, daga nan ake fara ƙirgen kilomitocin manyan hanyoyi shida da suka fita daga babban birnin zuwa kusurwoyin ƙasar. Baƙi suna bin layi domin su ɗora ƙafa a kai su ɗauki hoton takalmansu. Na nuna wa Kawu cewa ta huɗu daga cikin hanyoyin nan ita ce ta Andalus, wadda za mu bi ranar Litinin, sai ga shi ya shiga layin shi ma. A saman ginin akwai agogon da mutanen ƙasar suke kallo a daren shiga sabuwar shekara, suna cin ƙwayar inabi ɗaya ga kowane bugu na ƙararrawa har sha biyu. A gefen gabas kuma mutum-mutumin beyar ne yana miƙe jikin bishiya, wato tambarin birnin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a dandalin shi ne samarin Senigal masu kasa kaya a ƙasa. Kowannensu ya shimfiɗa farin zane ya jera jakunkuna ko takalma ko rigunan ƙwallo, kuma an ɗaure igiya a kusurwoyi huɗu na zanen, bakin igiyoyin duka a naɗe a hannunsa. Idonsa ɗaya yana kan mai saye, ɗayan yana kan bakin titi. Muna tsaye Kawu ya yi wa ɗaya sallama, yaron ya amsa da fara'a, ya dafa ƙirji ya kira shi Alhaji, har sun fara haɗa gaisuwa da ɗan guntun Larabci, sai aka yi fito daga nesa. Da fizga ɗaya shago ya koma ƙunshi a kafaɗa, kafin motar 'yan sanda ta ƙaraso babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce Allah ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri a ƙasar wasu. Dandalin nan da jiragen ƙarƙashin ƙasa su ne kuma matattarar 'yan sane, don haka fasfo da kuɗi suka koma aljihun ciki tun daga ranar.

Daga nan zuwa Plaza Mayor babu nisa. Fili ne mai kusurwa huɗu wanda gine-gine ja masu baranda suka kewaye, ana shigarsa ta ƙofofi masu baka. An gina shi tsakanin 1617 da 1619 a zamanin Sarki Filif na Uku, ya sha gobara, aka sake fasalinsa bayan ta 1790. A cikinsa aka riƙa yin kasuwa da wasan bijimai da bukukuwan sarauta, a cikinsa kuma kotun binciken aƙida ta cocin Katolika ta riƙa karanta hukuncin waɗanda ta tuhuma da fita daga addini, mafi shahara shi ne zaman 1680 a gaban Sarki Karlos na Biyu. A tsakiyar filin Filif na Uku ne a kan doki, na tagulla. Wannan sarki shi ne ya sa hannu a 1609 a kan umarnin korar Moriskawa, wato zuriyar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, kuma kafin 1614 kimanin mutum 300,000 sun bar ƙasar, yawancinsu zuwa Arewacin Afirka. Babu allon da ke gaya wa baƙo wannan a gindin dokin. Masu shan shayi suna zaune a ƙarƙashin laima, masu zane suna neman wanda za su zana. Na karanta wa Kawu abin da na tanada a waya, ya ɗaga kai ya ƙare wa sarkin kallo, ya ce, "Ashe kai ne."

Sallar Juma'a a Cibiyar Musulunci muka yi ta, wadda kowa a garin yake kira masallacin M-30, saboda tana bakin babbar hanyar da ta zagaye birnin mai wannan lamba. Farin gini ne na marmara mai hasumiya ɗaya, Sarki Fahad na Saudiyya ya ɗauki nauyin gina shi, aka buɗe shi a 1992, kuma Sarki Juan Karlos da Yarima Salman, wanda daga baya ya zama sarkin Saudiyya, su suka halarci buɗewar. Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau, muka sauka a tashar Barrio de la Concepción, daga nan ba mu buƙaci tambaya ba, muka bi bayan masu jallabiya. Mutanen Maroko ne suka fi yawa a sahu, sai 'yan Bangaladash da Pakistan da Siriya da Afirka ta Yamma, da kuma 'yan ƙasar da suka musulunta. Bayan an idar wani dattijo Bamaroke ya ga hular Kawu ya tambaye shi daga ina, suka tsaya a inuwa suna hira da Larabci, shi ne ma ya fara gaya masa cewa idan yana neman Andalus, akwai gutsurenta a bayan babban cocin garin, kada ya bar Madrid bai gani ba. Maganar da na yi ta faɗa tun daga gida ke nan, amma sai da ta fito daga bakin sa'ansa ta shiga.

Da yamma na bar shi yana hutawa na tafi gidan zane-zane na Prado, wanda aka buɗe a 1819, kuma ake shiga kyauta a awa biyun ƙarshe na kowace rana ga wanda zai iya jure layi. Na san da yawa daga cikin hotunan ba za su yi wa Kawu daɗin kallo ba. Ni ma ban yi ƙoƙarin gama gidan ba. Na tsaya a gaban zanen Velázquez na 1656, na 'yar sarki da kuyanginta, sannan a gaban na Goya wanda ya nuna sojojin Faransa suna harbe mutanen Madrid a daren 3 ga Mayu 1808, mutum ɗaya cikin farar riga ya ɗaga hannuwa sama, fitila a ƙasa tana haska shi, su kuwa masu bindigar ba a ganin fuskar ko ɗayansu. A gidan ne kuma aka ajiye babban zanen zaman kotun aƙida na 1680, inda mutum zai gane barandun da ya wuce a ƙarƙashinsu da safe, cike da 'yan kallo.

Asabar ita ce ranar da tafiyar ta biya kuɗinta. Mun fara da fadar sarki, wadda ke da ɗakuna fiye da 3,000, ko da yake kaɗan ake buɗe wa baƙi. Tsohuwar fadar da ke wurin ta ƙone a gobarar da ta tashi daren Kirsimeti na 1734, Filif na Biyar ya sa aka gina wannan da dutse domin kada wuta ta sake cin ta, aka fara aiki a 1738, Karlos na Uku ya tare a 1764. Sarkin yanzu ba ya kwana a cikinta, bukukuwan gwamnati kawai ake yi. Akwai ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da tangaran, akwai zauren karaga mai jan karan-miski da zakuna na tagulla, akwai kuma ma'ajiyar makamai inda sulken mutane da na dawakai suke tsaye a jere. Gaskiyar magana, bayan ɗaki na goma zinariyar takan daina burge ido, ƙafa ce kawai take ƙorafi. Kawu ya fi daɗewa wajen sulken dawakai, yana duba yadda aka haɗa ƙarfen goshi da na ƙirji.

Daura da fadar babban cocin Almudena ne, wanda aka aza harsashinsa a 1883 amma ba a keɓe shi ba sai 1993. Muka zagaya ta bayansa, muka gangara wata hanya mai suna Cuesta de la Vega, kuma a nan, ƙasa da titi, a cikin wani ɗan lambu da aka sa wa sunan Amir Muhammad na Ɗaya, ragowar ganuwar farko ta Madrid take. Wannan amiri na Banu Umayya ya yi mulkin Ƙurɗuba daga 852 zuwa 886, shi ne ya sa aka gina sansanin soja a kan wannan tudu da ke kallon kogin Manzanares, domin tsaron mashigan duwatsun Guadarrama daga mayaƙan arewa, da kuma sa ido a kan Toledo, wadda ba ta gajiya da tawaye. Majriɗ ake kiran wurin a littattafan Larabci. Daga wannan ɗan sansani birnin ya tsiro, fadar sarki da cocin kuma duk a kan filinsa suke zaune.

Abin da ya rage a lambun bai wuce mita 120 ba. Ƙasan ganuwar manyan duwatsun ƙanƙara ne masu duhu, marasa sassaƙa sosai, samanta kuma farin dutse, ga hasumiyoyi masu kusurwa huɗu da suka ɗan turo gaba, an ci rabinsu. A wani ɓangaren an gina bene na zamani a kanta. A sama cocin ya yi mata rumfa, motoci suna wucewa, ƙungiyoyin baƙi suna bin jagororinsu zuwa fada ba tare da sun leƙo ƙasa ba. Mu da wata mata mai yawo da kare ne kaɗai a cikin lambun. Kawu ya sauka matakalar a hankali, ya matsa iyakar inda aka yarda a matsa, ya daɗe yana bin layin duwatsun da ido. Sai ya juyo ya ce, "Kai yaro, Maslama Almajriɗi ɗan nan garin ne ke nan?" Na ce ƙwarai, Kawu, nan aka haife shi. Masanin taurari da lissafi ne da ya yi zamansa a Ƙurɗuba, ya rasu wajen 1007, kuma Kawu ya san sunansa shekara da shekaru ba tare da ya taɓa haɗa shi da garin da 'ya'yansa suke kwana kallon ƙwallonsa ba. Mun fi awa guda a wurin, kuma babu wanda ya ɗaga mana tuta ya ce lokaci ya yi. Na tabbata da a cikin motar zagaye muka zo, da abin da za mu samu shi ne jagora ya nuna ta taga ya ce ga ganuwar Larabawa can a dama, kafin a ɗaga waya an wuce.

Sarki Alfonso na Shida, na masarautar Kiristoci ta Kastila, ya karɓe garin wajen 1085, lokacin da ya ci Toledo, Musulmin da suka rage kuma suka koma tudun da ke tsallaken kwarin, inda har yau unguwar take amsa sunan Morería. Sun zauna a nan suna sana'ar gini da ƙira har 1502, lokacin da aka ba Musulmin Kastila zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa. Mun bi lungunan, masu hawa da sauka, muka ga hasumiyar cocin San Pedro el Viejo, sannan muka dawo ta San Nicolás, wadda hasumiyarta ta jan bulo take da bakuna irin na kofaton doki. Duk wanda ya taɓa ganin hasumiyar masallaci a Maroko zai gane hannun da ya yi wannan aiki, ko da ƙararrawa ce a samanta. Madrid ba ta zama babban birni ba sai 1561, da Filif na Biyu ya kawo fadarsa, shi ya sa ba ta da tsofaffin gine-gine irin na Toledo ko Ishbiliya, kuma mai neman tarihinta na farko sai ya duƙa ya duba.

Batun abinci yana buƙatar kula. Naman alade yana ko'ina: cinyoyinsa busassu a rataye a saman kanta har da kofato, yankakkensa a cikin burodi, garinsa a barbaɗe a kan miyar tumatir mai sanyi, kitsensa a cikin wasu kayan zaƙi. Tambaya ɗaya ba ta isa, domin mai kawo abinci zai iya ce maka babu nama a ciki alhali an yayyafa busasshen, wanda shi a wurinsa kayan ɗanɗano ne. Abin da ya cece mu shi ne wainar ƙwai da dankalin turawa, mai kauri, wadda ake yankawa a sayar a kowane lungu, da gasasshen kifi, da burodin da ake cusa wa soyayyen naman teku a shagunan da ke kewaye da Plaza Mayor. Idan aka so nama sai a gangara unguwar Lavapiés, inda mahautan halal da gidajen abincin 'yan Senigal da Maroko da Bangaladash suke jere. A can muka ci shinkafa da kifi irin ta Dakar, Kawu ya ce yau ya ci abinci. Ruwan famfo kuwa mai kyau ne, daga duwatsun arewa yake zuwa, ba mu sayi na roba ba. Da daddare mun je San Ginés, shagon da yake soya churros tun 1894, dogayen soyayyun ƙullun fulawa da ake tsomawa a cakulan mai kauri da zafi.

Da yammacin Asabar muka shiga gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Serrano, wanda aka kafa a 1867, muka wuce kai tsaye zauren Andalus. A cikin wani akwatin gilashi akwai ɗan ƙaramin gwangwani na hauren giwa mai murfi, wanda Halifa Alhakam na Biyu ya sa aka sassaƙa a 964 domin Subh, uwar ɗansa. Tsayinsa bai kai taƙi guda ba, amma an cika jikinsa da ganyaye da dawisu da barewa, a bakin murfin kuma rubutun Kufi ne ya zagaye. Kawu ya sa tabarau, ya duƙa, ya bi rubutun yana zagaya gilashin a hankali yana karantawa a fili, har mai gadin zauren ta matso tana saurare. Can gaba akwai fitilar tagulla ta masallacin Alhambra, wato fadar sarakunan Musulmi ta Garnaɗa, ta 1305, an huda jikinta da taken sarakunan Garnaɗa, wa la galiba illallah, yadda haske zai fito ta cikin haruffan. Akwai kuma dinarai a jere, kuma a nan ne ƙasashenmu suke da hannu a labarin, domin zinariyar da Murabiɗai, masu daular da ta mulki Maroko da Andalus, suka buga kuɗinsu da ita daga Afirka ta Yamma ayarin raƙuma suka ƙetare Sahara da ita.

Lahadi da safe kasuwar Rastro take ci, a gangaren titin Ribera de Curtidores, tsohuwar unguwar majema da mahauta. Mai son ya gane ta sai ya tuna layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ya ƙara masa tsofaffin agogo da makullai da littattafai da kujerun da suka ga zamani. Cunkoson ya yi wa Kawu yawa, muka fita da wuri. Filin wasa na Santiago Bernabéu kuwa saƙon yara ne ya kai mu, domin ba mu isa mu koma gida ba tare da hoto da riga ba. An buɗe shi a 1947, an yi masa sabuwar riga ta ƙarfe mai sheƙi da rufin da ake buɗewa a rufe, ga kofunan Turai 15 a jere a cikin gilashi. Da Kawu ya ji kuɗin riga ɗaya sai ya ce a mayar, na biya a ɓoye. Da yamma muka hau tudun Príncipe Pío, wurin da aka yi harbin da Goya ya zana, inda yanzu wani ɗakin bauta na tsohuwar Masar mai suna Debod yake tsaye. Masar ce ta ba Sifaniya shi kyauta a 1968, tukuicin taimakon da ta bayar wajen ceto gine-ginen Nubiya daga ruwan madatsar Aswan, aka kwance shi dutse-dutse aka sake haɗawa a nan.

Ranar Litinin tun bakwai da rabi muna bakin otal ɗin da aka ce a taru. Jagorarmu, wata mata mai matsakaicin shekaru da takarda a hannu, ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, ta liƙa wa kowane akwati lamba, ta raba mana 'yan na'urorin sauraro da ake ratayawa a wuya. Abokan tafiyar sun haɗa da 'yan Meziko da Ajantina da Amurka da wasu ma'aurata daga Malesiya, waɗanda suka yi mana sallama tun daga nesa. Kafin mota ta motsa ta karanta dokoki da Sifaniyanci da Ingilishi: kowa ya ɗaura bel, za a riƙa juya kujeru kullum domin kada wasu su mallake gaba, akwati ya kasance a ƙofar ɗaki kafin karin kumallo, wanda ya makara kuma ya nemi tasi ya biyo mu da kuɗinsa. Ta bayyana cewa dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, akwai kuma na'ura a motar da ke rubuta komai, don haka tsayawa a hanya tana da lokacinta, ba a roƙon ƙari ko ragi. Ta ƙara da cewa tikitin Alhambra da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yankarsa, da ƙayyadadden lokacin shiga, wanda ya manta fasfo a otal ranar ya haƙura.

Ba na raina wannan tsari. Tsakanin Madrid da Ƙurɗuba akwai kusan kilomita 400, ga Ishbiliya da Garnaɗa a gaba, kuma da dattijo a hannu, ba tare da harshen ƙasa ba, samun wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki da tikiti hutu ne babba. Sai dai daga wannan safiya lokacinmu ya koma hannun wata, ita za ta ce a tsaya, ita za ta ce a tashi.

Motar ta gangara ta gaban tashar jirgin ƙasa ta Atocha, ta hau babbar hanyar kudu, gine-gine suka fara ja da baya, filayen La Mancha suka buɗe. Jagorar ta ɗauki makirufo ta ce za mu tsaya shan shayi a Puerto Lápice, sannan mu ratsa mashigin Despeñaperros, kusa da inda aka gwabza yaƙin Las Navas de Tolosa tsakanin Kiristoci da Musulmi a 1212, mu isa Ƙurɗuba da rana, inda za a ba mu awa biyu. Kawu ya taɓo ni ya ce in tambaye ta ko za a bar shi ya yi raka'a biyu a babban masallacin. Na tashi na je na tambaya, ta amsa cikin ladabi cewa ginin coci ne tun 1236, masu gadi kuma ba sa barin kowa ya yi salla a ciki, amma akwai ƙaramin masallaci a cikin garin, za ta nuna mana a taswira. Na dawo na gaya masa. Ya ce, "To, ai matafiya ne mu, sai mu yi ƙasaru a can. Tambayo ta kuma, awa biyun nan har da cin abinci a ciki, ko ban da shi?"